Masu zartar da wasiyyar Babanmu biyu: ɗaya ya riga shi rasuwa, ɗaya yana kwance. Wa zai zartar da wasiyyar?

Ɗan Rikkos:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawara, musamman daga lauyoyi da malaman da ke wannan zaure. Allah ya yi wa mahaifinmu rasuwa wata biyu da suka wuce a nan Jos. Tsohon ma'aikacin gwamnatin tarayya ne, ya bar mata biyu da 'ya'ya tara, uku daga cikinmu ba su kai shekara 18 ba. Bayan an share makoki lauyansa ya kira mu ya ce Baba ya rubuta wasiyya tun 2016, tana ajiye a rajistirin Babbar Kotu. Muka je, aka ɓalle ambulan a gabanmu, aka karanta. Ya ce a biya bashinsa, a raba gado yadda Musulunci ya tsara, sai abu biyu da ya ware: shago ɗaya a wajen Taminus a bar kuɗin hayarsa ga islamiyyar unguwarmu, sannan a ci gaba da biyan kuɗin karatun wani maraya da ya riƙe tun yana ɗan shekara huɗu har ya gama. Yaron yanzu yana aji biyu a Jami'ar Jos.

Ga inda gizo ke saƙar. Mutum biyu Baba ya naɗa su zartar da wasiyyar. Na farko amininsa ne, ya riga Baba rasuwa da shekara guda, Baba kuma bai koma ya sauya sunan ba. Na biyu Baffanmu ne, ƙanin Baba, bara ya samu shanyewar ɓarin jiki. Jiya na je gaishe shi na ɗan taɓo maganar, ya riƙe hannuna da hagunsa, bakinsa yana motsi, hawaye kawai ke zuba. Banki sun rufe asusun Baba. Kamfanin fansho sun ce sai mun kawo takarda daga kotu. Babban yayanmu na ɗaya ɗakin kuma ya ce tunda babu masu zartarwa, wasiyya ta faɗi, a kira malami a raba komai kowa ya kama gabansa. Da gaske ta faɗi? In ba ta faɗi ba, ta ina za mu fara?

Maman Ummi:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta, ya ba Baffa lafiya.

Ɗan Dilimi:
Allah ya gafarta masa. Ni dai shawarata, in katin cirar kuɗinsa yana hannunku kuma akwai wani asusun da ba a rufe ba, ku kwashe abin da ke ciki tun da wuri. Harkar kotu sai ta ci muku shekara, ga yara na buƙatar abinci.

Tsohon Ma'aikacin Banki:
Ɗan Dilimi, don Allah kada ka ba shi wannan shawarar. Na yi shekara 22 a banki, na ga ƙarshen irin wannan. Daga ranar da mutum ya cika, izinin taɓa asusunsa ya ƙare, ko kai ne sunanka ke kan fom a matsayin na kusa da shi. Wannan sunan na kan fom ba ya mai da kai magaji, wanda za a tuntuɓa ne kawai. Ranar da 'yan uba suka nemi bayanin asusu, kowace cira za ta fito da kwanan wata da inda aka yi ta. Na taɓa ganin ɗa na fari yana kuka a ofishina saboda dubu ɗari uku da ya cira, da niyyar alheri ya cira, asibiti ya biya, amma bai riƙe rasit ba. Har yau ba sa ga maciji da ƙannensa.

Barista:
Allah ya jiƙan mahaifinku. Amsa a taƙaice: wasiyyar ba ta faɗi ba. Rasuwar wanda aka naɗa, ko rashin lafiyarsa, ko ƙin karɓarsa, ba ya soke abin da mamaci ya rubuta. Abin da ya sauya shi ne irin takardar da za ku nema.

Da Baffa yana da lafiya, shi zai je sashen furobet na Babbar Kotu, wato sashen tabbatar da wasiyya, ya nemi a tabbatar da wasiyyar, a ba shi takardar furobet. Tunda babu wasiyyin da zai iya, wato wanda mamaci ya naɗa ya zartar da wasiyyarsa, kotu tana da wata hanya: takardar izinin kula da dukiyar mamaci wadda ake haɗa kwafin wasiyya a jikinta. Ita ce mutane ke kira leta of administireshan, amma taku ta daban ce da ta wanda ya mutu bai bar komai a rubuce ba. Duk wanda aka ba wannan takarda dole ya bi wasiyyar layi bayan layi, kamar shi Baba ya naɗa. Shagon islamiyya da karatun yaron suna nan daram.

Abu na farko da rajistaran kotu zai so ya gani shi ne an kawar da mutanen biyu ta hanyar da doka ta yarda. Na amininsa mai sauƙi ne, takardar shaidar mutuwarsa, wadda Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ke bayarwa, ka nema wurin iyalansa. Na Baffa ne ke buƙatar natsuwa, kuma a nan zan tambaye ka: jikinsa ne kawai ya taɓu, ko har da hankalinsa? Yana gane mutane? In an yi masa bayani yana fahimta?

Ɗan Rikkos:
Yallaɓai, yana gane kowa. In ka yi masa tambaya yana gyaɗa kai ko ya girgiza. Maganar ce ba ta fita sosai, hannun dama kuma ba ya riƙe biro.

Barista:
To alhamdu lillahi, wannan ya sauƙaƙa. Tunda hankalinsa na nan, yana da zaɓi biyu. Ko ya sauka daga matsayin a rubuce, akwai fom ɗin janyewa, a karanta masa a gaban mai ɗaukar rantsuwa ya dangwala yatsa, a rubuta cewa an karanta masa ya fahimta. Ko kuma ya ba wani takardar wakilci, kotu ta ba wakilin izini a madadinsa. Da a ce hankalin ya taɓu, babu ɗaya daga cikin biyun da zai yiwu, sai rahoton likita da takardar rantsuwa, kotu ta naɗa wani. Ko a halin da yake yanzu ma ku karɓi rahoton likitansa ku ajiye, don kada gobe wani ya ce an dangwala wa mara lafiya yatsa bai san abin da ake yi ba.

Ku bari shi ya zaɓa. Wanda ya janye ba ya dawowa sai da izinin kotu, saboda haka ba abin da za a yi masa cikin gaggawa ba ne. Kuma ka bincika ko tun rasuwar akwai wanda ya karɓi hayar shago ko ya biya bashi da sunan Baffa a matsayin wasiyyi, domin wanda ya riga ya sa hannu cikin dukiyar janyewarsa tana wahala.

Malam na Gangare:
Allah ya jiƙan bawansa. Abin da Barista ya faɗa bai saɓa da fiƙihu ba. A wurinmu ma in wasiyyi ya mutu ko ya gaza, alƙali ne ke naɗa wanda zai tsaya, shi ake kira muƙaddami. Ba a taɓa cewa wasiyya ta ɓaci don mai zartarwa ya gaza ba. Ka isar wa yayanka wannan cikin ladabi: a Suratun Nisa'i, aya ta 11 da ta 12, inda Allah ya yanka wa kowa kasonsa, ya maimaita cewa rabon yana zuwa ne bayan wasiyya da bashi. A Baƙara aya ta 181 kuma an ɗora zunubi a kan wanda ya sauya wasiyya bayan ya ji ta. Ku kuwa kun ji ta da kunnuwanku.

Jerin shi ne: kuɗin jana'iza, sai bashi, sai wasiyya, sai gado. Wasiyyar kuma da sharaɗi biyu. Kada ta wuce sulusin abin da ya rage bayan bashi, kamar yadda Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya iyakance wa Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas. Kuma kada ta zama ga magaji. Yaron da mahaifinku ya riƙe ba magaji ba ne, shi ya sa wasiyya ta halatta gare shi, kuma shi ya sa in kuka jefar da ita ba shi da ko sisi. Mahaifinku ya san haka, don haka ya rubuta.

Sai a kimanta shagon da kuɗin karatun. In sun shige cikin sulusi, babu mai ikon hanawa. In sun haura, abin da ya haura sai da yardar magada, kuma manya ne kawai ke iya yafe nasu. Babu wanda zai yafe kason yara ukun nan a madadinsu.

Abban Sadiƙ:
Allah ya gafarta Malam, ni abin da ban gane ba, me ya kai Musulmi Babbar Kotu a kan gado? Muna da kotunan yanki, muna da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a nan Jos. Wannan rubuta wasiyya wurin lauya ma ai ba tsarinmu ba ne. Da bai rubuta ba da tuni an raba an huta.

Malam na Gangare:
Abban Sadiƙ, rubuta wasiyya namu ne tun asali. Hadisin Ibn Umar yana cikin Buhari da Muslim, cewa bai dace Musulmin da ke da abin da zai yi wasiyya a kansa ya kwana biyu ba tare da wasiyyarsa tana rubuce ba. Abin dubawa shi ne me ke cikinta, ba wanda ya buga ta a kwamfuta ba.

Barista:
Tambayar Abban Sadiƙ tana da kyau, mutane da yawa suna rikicewa a nan. Aiki biyu ne daban. Wa zai samu nawa, wannan na shari'ar Musulunci ne, kuma tsarin mulkin 1999 a sashe na 277 ya ba Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta jiha hurumi a kan wasiyya da gado da waƙafi da kyauta in mamacin Musulmi ne. Sashe na 262 ya ba ta Abuja irin wannan. Amma wa zai karɓo dukiyar daga hannun banki da kamfanin fansho da masu rajistar hannun jari, wannan takardar Babbar Kotu suke nema. Dokar fansho ta 2014 ma ta faɗa ƙarara: abin da ya rage a asusun fanshon mamaci ana sakinsa ne da wasiyyar da kotu ta tabbatar ko takardar izinin kula da dukiya. Saboda haka ka karɓo dukiyar da takardar Babbar Kotu, ka raba a gaban alƙali ko malamin da kuka yarda da shi.

Game da tsoron cewa wasiyyar lauya za ta take shari'a, tsoron yana da tushe. A 1971 Kotun Ƙoli, a shari'ar Adesubokan da Yunusa, ta yarda da wasiyyar Musulmin da ya raba dukiyarsa saɓanin kason Musulunci, saboda an yi ta ƙarƙashin dokar wasiyya ta Ingila ta 1837. Bayan haka wasu jihohi suka yi tasu dokar da ta taƙaita wannan 'yanci ga Musulmi, kuma a 2007 Kotun Ɗaukaka Ƙara a shari'ar Ajibaiye, daga Kwara, ta ƙi amincewa da wasiyyar da ta saɓa wa shari'a. Amma Baban Ɗan Rikkos ya rufe wannan ƙofar da kansa tunda ya rubuta a raba bisa Musulunci.

Abban Sadiƙ:
Na ji, amma har yanzu ina ganin wahala ce aka ɗora wa talaka. Kuɗin mutum, 'ya'yansa, sai an biya kotu kafin a taɓa.

Tsohon Ma'aikacin Banki:
Wahala kam akwai, ban musa ba. Amma ka tsaya a wurin mai banki: mutum uku sun zo a mako ɗaya, kowa ya ce shi ne babban ɗa, ɗaya ma daga matar da sauran ba su san da ita ba. Wa zai ba? Takardar ce ke kare marayun da ba su da bakin zuwa banki.

Hajiya Kubwa:
Bari in ba ku namu, don mun bi hanyar nan a Abuja bayan rasuwar maigidana. Shi ƙaninsa ya naɗa, yana zaune a Ingila. Lafiyarsa ƙalau, amma ya ƙi cewa e ya ƙi cewa a'a. Wata bakwai ina kira, in ya ɗauka sai ya ce zai zo da Sallah. Yara suna gida an koro su daga makaranta. Daga ƙarshe lauyarmu ta sa kotu ta aika masa takardar kira, cewa ya zo ya karɓi aikin ko ya sauka cikin wa'adin da aka ba shi, in ya yi shiru za a ɗauka ya bari. Cikin mako biyu ya aiko da takardar janyewa. Da na san da wannan hanyar da ban yi wata bakwai ina roƙo ba.

Abin da za ka tanada, daga abin da na gani da idona: za su ba ka fom da yawa, har da wanda za ka kai kowane banki su cike adadin da ke asusu su buga hatimi. Za ka lissafa duk dukiyar, gida, fili, mota, hannun jari, fansho. Kada ka manta da komai, don abin da ba ya cikin takardar ba za a sakar maka shi ba, sai ka sake komawa neman ƙari. A kan wannan lissafin ake yanka kuɗin kotu, kaso ne na darajar dukiyar. Ka karɓi takardar kimantawa daga hannunsu, ka biya inda suka ce, ka riƙe rasit. Ni wani ɗan kamasho ya tare ni a bakin ƙofa ya ce zai gajarce min hanya, na ba shi kuɗi, ban sake ganinsa ba. Sannan masu tsaya muku mutum biyu, da hotuna da katin shaida. Mu an buga sanarwa a jarida aka jira kwana 21 ko akwai mai ƙorafi.

Barista:
Hajiya ta faɗi daidai, kuma a lura da masu tsayawar nan. Wasiyyin da mamaci ya zaɓa da kansa galibi ba a neman masa su, don mamacin ya riga ya amince da shi. Wanda kotu ta naɗa kuwa sai ya sa hannu a takardar lamuni, shi da masu tsaya masa, cewa in ya ci amana za a bi su. Ka faɗa wa duk wanda za ka roƙa gaskiyar abin da yake sa wa hannu.

Jiran da Hajiya ta ambata shi ne wurin da yayanku zai iya tsayar da komai. Duk mai haƙƙi yana iya shigar da takardar dakatarwa, daga nan ba a ba kowa izini sai an warware, wani lokaci sai a gaban alƙali. Shi ya sa nake ba ka shawara kada ka nema a bayan idonsa. Ba a naɗa fiye da mutum huɗu, kuma inda akwai ƙananan yara ana son aƙalla biyu. Ka ɗauko shi ku nema tare, sauran manya su sa hannu sun amince.

Maman Ummi:
Ni ina da magana a nan. Kullum in an zo wannan gaɓa sai a ce babban ɗa da babban ɗa, a bar iyaye mata a ɗaki suna jin labari. Yara ukun nan ƙanana na wace ce? Ita ta san kuɗin makarantarsu da na maganinsu. Barista, mace ba ta iya shiga ne?

Barista:
Tana iya shiga, babu abin da ya hana. Matar mamaci ma tana cikin na gaba-gaba da kotu ke dubawa.

Ɗan Rikkos:
Ƙananan duk na amaryar Baba ne, ɗakin su yayan namu. Tana cikin takaba yanzu.

Maman Ummi:
To ka gani. Ku je ku same ta ku yi mata bayani da bakinku, kada ta ji a wurin wani. In ba za ta iya zirga-zirga ba kafin ta cika wata huɗu da kwana goma, ta zaɓi wadda ta yarda da ita daga 'ya'yanta mata manya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma a gidan mata biyu tsagewar daga "ba a faɗa min ba" take farawa.

Malam na Gangare:
Maman Ummi ta yi gaskiya. In ƙara da batun ciyarwa da Ɗan Dilimi ya kawo, don damuwarsa gaskiya ce ko da hanyarsa ba daidai ba ce. Matan suna da haƙƙin zama a gidan mijinsu har su gama takaba. Abin da ake kashewa na abinci da makaranta kafin rabo, ku buɗe littafi guda, a rubuta kowace naira da wanda ya bayar da wanda aka kashe wa, mutum ɗaya daga kowane ɗaki ya sa hannu. In wani ya ranta daga aljihunsa a rubuta bashi ne. Ranar rabo sai a daidaita. Tumunin matan biyu da kason marayu ba abin da ake ƙiyasi da ka ba ne.

Ɗan Dilimi:
Na karɓi gyara. Allah ya sa mu dace.

Ɗan Bukur:
Barista, tambaya. Shi aminin da ya rasu, babban ɗansa ba zai gaje shi a wannan aikin ba? Na ji ana cewa wasiyyin wasiyyi yana ci gaba.

Barista:
Ba a gadon wannan matsayi. Abin da ka ji yana faruwa ne in wasiyyin ya riga ya karɓi furobet, sannan ya rasu ya bar nasa wasiyyin wanda shi ma ya karɓi nasa. Wannan bawan Allah ya riga mai wasiyyar rasuwa, naɗinsa bai ma fara aiki ba. Haka lauyan da ya rubuta wasiyyar, rubutawa ba ta mai da shi wasiyyi, sai in sunansa na ciki. Amma ku riƙe shi, don zai san shaidu biyun da suka sa hannu in kotu ta nemi ɗayansu ya yi rantsuwa.

Ɗan Rikkos:
Akwai kuma fili da Baba ya saya a Kubwa lokacin yana aiki a Abuja. Shi ma takardar Jos za ta isa?

Barista:
Ka sa shi cikin lissafin dukiyar tun yanzu. In takardar ta fito daga Babbar Kotun Filato, sai ku kai ta Babbar Kotun Abuja a sake buga mata hatimi, sannan za ta yi aiki a can, har ku iya zuwa ofishin filaye a sauya suna. Ba sabon nema ba ne daga farko, amma akwai nasa fom da nasa kuɗin. Kafin nan kada kowa ya sayar, kada kowa ya karɓi kafin alƙalami a kansa.

Ɗan Rikkos:
Salam. Na dawo da bayani bayan kwana tara. Ranar Juma'a bayan la'asar muka taru a ɗakin Baffa, ni da yayanmu da 'yan uwa mata biyu da limamin unguwa. Liman ya karanta ayoyin da Malam ya ambata. Yaya ya ce shi tsoronsa kada shagon ya cinye kason ƙannensa, ba wai yana ƙin yaron ba ne. Muka yarda a kawo mai kimanta gidaje ya duba shagon da gidan, a ga ko ya wuce sulusi. Aka tambayi Baffa ko yana so ya ba da wakilci ko ya sauka gaba ɗaya. Da aka ce sauka ya gyaɗa kai sau biyu, sannan ya nuna ni, ya nuna yaya, ya haɗa yatsunsa biyu na hagu.

Mu uku za mu nema: ni, yaya, da babbar 'yar amaryar Baba, wadda mahaifiyarta ta zaɓa. Iyalan aminin Baba sun ba mu kwafin takardar mutuwarsa. Likitan Baffa ya ce mu zo Laraba mu karɓi rahoto. Kuɗin rajistar yaron na wannan zangon mu manya muka haɗa, an rubuta a littafi. Barista, Litinin za mu je karɓar fom. In na turo maka jerin abin da suka nema ta saƙon sirri za ka duba min?

Barista:
Turo. Ku tafi da katin shaidarku ku ukun da asalin takardar mutuwar Baba, kuma ka tambaye su tun a ranar ko mai ɗaukar rantsuwa zai iya zuwa gida wurin Baffa, don kada a ɗauko shi a mota.